Yadda ake haɗa eriyar gajeren zango da hannu

A watan Afrilun 2024 ne Martin Jue, mai kamfanin MFJ da ke garin Starkville a jihar Mississippi ta Amurka, ya sanar cewa daga 17 ga Mayu masana'antarsa za ta daina ƙera kaya. An kafa kamfanin a 1972, ya kuma daɗe yana yi wa masu rediyon sha'awa eriya da na'urorin daidaita ta. Masu rediyon sha'awa su ne mutanen da ke da lasisin gaisawa da juna ta iska daga ɗakunansu, ba don neman kuɗi ba. Mai kamfanin ya manyanta, ciniki kuma bai farfaɗo ba tun bayan annobar korona. Kafin shi, kamfanin Heathkit ya daina sayar da kayan rediyon da mutum ke haɗawa da kansa a 1992.

Mu da muka tashi muka tarar da iyayenmu suna kama BBC Hausa, wadda ta fara tun 1957, wannan labari namu ne. Kayan aro ba ya rufe katara. Amma akwai ɓangaren rediyo da ba ya jiran masana'antar kowa, shi ne eriya, kuma ita ce rabin aikin. Mutumin Saji, ko Rurum, ko Kibiya, a yankin Rano, zai iya haɗa tasa a yini guda da waya da igiya da awo mai kyau.

Mataki na farko: lissafi

Idan mai gabatarwa ya ce a kama su a kan mita 41, tsawon zangon da muryarsa ke tafiya a kai yake faɗa. Eriya mai hannu biyu tana son tsawonta ya zama rabin wannan zango, kamar yadda tsawon tsirkiyar molo ke yanke irin amon da za ta bayar. Ƙa'idar ita ce a raba 143 da lambar megahaz, abin da ya fito shi ne tsawon wayar a mita.

Mu ɗauki megahaz 7.1. Idan aka raba 143 da 7.1 za a sami mita 20 da ɗan ɗoriya, wato kowane hannu mita 10 da santimita 7. Na zaɓi wannan ne don jifa ɗaya ce take kashe tsuntsu biyu: daga megahaz 7.0 zuwa 7.2 filin masu rediyon sha'awa ne a Afirka da Turai, daga 7.2 zuwa sama kuma tashoshin mita 41 ne. Za ta kuma taimaka sosai a mita 49 da 31.

Mataki na biyu: tara kaya

Ana buƙatar wayar wuta ta jan ƙarfe mai kauri 1.5, mita 21, ko da rigarta ta roba. Sai kebul irin na dish, gwargwadon nisan ɗaki, domin shi ya dace da wannan eriya. Sai guntayen bututun roba na ruwa guda uku, kowanne kamar taƙi ɗaya, da igiyar nailan, da baƙin salatif, da tef ɗin awo, da dogon gora ko itacen turare. Yawancinsu ana samu a kasuwar Rano, abin da ya gagara kuma yana Sabon Garin Kano. A kankare bakin wayar kafin a biya: idan cikinta ya yi fari, gorar ruwa ce aka shafa wa ja, ba ta jure ja kuma ba ta kama dalma da kyau.

Mataki na uku: yanka da haɗa tsakiya

A yanka waya biyu, kowacce mita 10 da santimita 40, ƙarin na ɗauri ne. Lallai su zo daidai da juna. A huda guntun bututu ɗaya a bakinsa biyu, a zura kowace waya a ramin nata, a murɗe. Kada hannayen biyu su taɓa juna.

A feɗe bakin kebul. Za a ga waya guda a tsakiya, da saƙar ƙarfe a kewaye. Ta tsakiya ta tafi hannu ɗaya, saƙar a murɗe ta ta tafi ɗaya hannun. A kai wa mai gyaran rediyo ya liƙe da dalma. Idan saƙar ta ƙi kamawa, a ɗaure ta da ƙaramin noti. Daga nan a naɗe da salatif sosai, a lanƙwasa kebul ɗin yadda bakinsa zai kalli ƙasa, domin ruwan sama idan ya shiga cikinsa ya gama da shi. Sauran bututu biyun a ɗaura su a ƙarshen hannayen, waya ta gefe ɗaya, igiya ta ɗaya gefen. Igiyar ce za ta taɓa itace, ba wayar ba. A sake aunawa daga tsakiya zuwa kowane ɗauri.

Mataki na huɗu: ɗagawa

Nan ne ake cin riba ko a yi asara. A ɗaga ta aƙalla mita 6, idan an sami 10 ya fi. Wanda ke da darbejiya biyu masu tazara sai ya shimfiɗa ta tsakaninsu, ya bar igiyar da ɗan sassauci saboda iskar farkon damina. Wanda ba shi da su ya kafa gora ɗaya, ya rataye tsakiyar a samansa, hannayen su gangaro hagu da dama, a ɗaure su sama da inda yaro ko dabba za su kai.

Eriyar ta fi ji ta gefenta, ba ta bakinta ba. Idan an shimfiɗa ta gabas da yamma, kunnenta na arewa da kudu, wato wajen Turai. A nisanta ta da rufin kwano, da inbata ta sola, da cajar waya, da ƙwan fitila mai arha, domin su ne ke cika rediyo da shuu. Abu mafi girma: kada ta bi sama ko ƙarƙashin wayar wutar lantarki, kada kuma a kafa gora inda zai faɗa mata idan ya karye. Wannan magana ce ta rai.

Mataki na biyar: jonawa da gwaji

Idan rediyon na da ramin eriyar waje, a sa wa kebul kai irin nasa a jona. Idan babu, a ƙara guntuwar waya mai riga a jikin wayar tsakiya, a naɗe ta sau biyar ko shida a kan eriyar rediyon ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba. Ƙananan rediyon hannu kan shaƙe idan sigina ta yi musu yawa, sai a ji tashoshi na hawa kan juna. Maganin shi ne a rage naɗin.

A gwada bayan magariba da kuma asuba, lokacin da mita 41 da 49 ke buɗewa. Da rana mita 19 da 16 ne ke tafiya nesa. A kama tasha mai rauni, a cire eriyar, a mayar, bambancin zai bayyana. Masu rediyon sha'awa kuwa da salon SSB suke magana, rediyon da ba shi da wannan maɓalli gunaguni kawai zai fitar. Wanda rediyonsa ke da maɓallin zai ji suna kiran juna da lamba: ta Najeriya na farawa da 5N, ta Nijar da 5U.

Lissafin bai canza ba a FM. Freedom Radio ta Kano na kan 99.5, don haka kowane hannu santimita 72 ne. Tunda zangon FM ba ya ratsa dutse, kuma ƙasar Rano ta duwatsu ce, tsawon gora ne ke yin aikin.

Mataki na shida: kariya

Da zarar hadari ya haɗu, a cire kebul daga rediyo a fitar da shi waje, nesa da ƙofa. Ba a taɓa shi ana tsawa. A lokacin hunturu ma busasshiyar iska mai ƙura na tara wuta a doguwar waya, har ta lalata rediyo. Saboda haka a kafa sandar ƙarfe a ƙasa mai danshi a haɗa ta da saƙar kebul, a kuma riƙa cire shi idan an gama sauraro. Kowace shekara kafin ruwan farko a sauke eriyar a duba igiya da salatif, rana na cinye su.

Sauraro ba ya buƙatar izinin kowa, amma aika murya ta iska sai da lasisin Gwamnatin Tarayya, kuma ƙungiyar masu wannan sha'awa ta ƙasa, NARS, ita ce ƙofar da mai niyya zai fara ƙwanƙwasawa. Ina roƙon masu gyaran rediyo da malaman kimiyya na Rano da Kibiya su ja yara a jiki ranar da za a ɗaga irin wannan eriya. A ba su tef su auna, a bar su su raba 143 da kansu, su rubuta tashar da suka kama da lokacinta. Yaron da ya ga lissafinsa ya jawo murya daga wata ƙasa, ba sai an roƙe shi ya koyi sauran aikin ba.