Kafin Ka Sauya Salansa: Yadda Ake Shirya Babur Don Hanyoyin Kanal

Duk wanda ya saba bin gefen kanal tsakanin Kura da Bunkure, ko burtalan da ke kutsawa gonakin Madobi, ya san cewa ba don waɗannan hanyoyi aka ƙera babur ɗin da ake sayarwa a shago ba. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwanta zuwa Kadawa da kewaye, ƙasar nan ba ta hutu, hanyoyinta ma haka. Da damina laka ce mai riƙe taya. Da rani ƙura ce, sai kuma inda wani ya saki ruwa ya malalo kan hanya, ka tarar da caɓi a tsakiyar Fabrairu. A kan irin wannan hanya ake ɗora wa Boxer buhun taki biyu, ko injin ban-ruwa da tiyonsa, ko kwandunan tumatir da ake so su isa Kwanar Gafan kafin rana ta ɗaga.

Da mutum ya ji babur yana nishi, salansa ce ke fara faɗo masa a rai. Samari sun fi kowa wannan: a kai wa mai walda ya tsaga ta, ya zare hanjinta, a fito ana firgita awaki. Mai babur ya ji ƙara ya ɗauka ƙarfi ne, alhali tusa ba ta hura wuta. Injin da bai wuce cc 100 ba, ƙarfinsa bai kai na doki goma ba, kuma salansa ita kaɗai ɗan abin da za ta ƙara masa bai taka kara ya karya ba. Idan ma aka yi aikin da ka, sai ta rage masa abin da ka fi buƙata a gona, wato ja tun daga ƙasa, lokacin da kake giya ɗaya ko biyu da kaya a baya. Shi ya sa a jerin matakan da ke tafe salansa ba ita ce ta farko ba.

Mataki na ɗaya: san irin injinka

Boxer da TVS da Haojue da yawancin baburan da ke yawo yanzu masu bugu huɗu ne: baƙin mai yana zaune a cikin inji, fetur a tanki. Tsofaffin irin su Suzuki AX100 da Jincheng ɗin da aka kwaikwaya daga gare shi masu bugu biyu ne, waɗanda ke ƙona baƙin mai tare da fetur suna fitar da shuɗin hayaƙi. Idan naka mai bugu biyu ne, kada ka yarda a yanka salansarsa ko a sauya mata siffa. Fasalinta wani ɓangare ne na aikin injin, domin ita ke mayar da bugun iska baya ya tare sabon man da ke neman tserewa ta ƙofar hayaƙi. Abin da take buƙata kawai a kwance ta a kankare baƙin dattin da ya toshe ta. Sau da yawa wannan kaɗai ke dawo da ƙarfin da ake nema. Sauran bayanin salansa da ke tafe na masu bugu huɗu ne.

Mataki na biyu: dawo da abin da ya zube

Kafin a yi maganar ƙarin ƙarfi, a nemo wanda ya ɓata. Sa bakanike ya duba fulogi, ya saita bawul injin yana sanyi, ya juye baƙin mai, ya gwada ko kuloci yana sulɓewa. Ɗaga tayar baya ka juya ta da hannu: idan ba ta gudana sakat, birki na kamawa ko sarƙa ta bushe. Idan kana taka kik ka ji shi sakwaf ba nauyi, mai yiwuwa zoben fistin ya cinye, kuma babu salansar da za ta yi maganin wannan.

Mataki na uku: matatar iska

Nan ne ƙura ke yi wa mutane ɓarna a ɓoye. Za ka ji wani ya ce a cire akwatin iyakilina a sa ɗan buɗaɗɗen nan mai kama da mazurari, wai inji ya sha iska. A kan kwalta wataƙila. A hanyar kanal, musamman lokacin hunturu da motocin tumatir ke tada ƙura, wannan gayyatar yashi ce zuwa cikin silinda, kuma ranar da ka faɗa ruwa shi zai fara zuƙa. Bar akwatin yadda kamfani ya yi shi. Idan matatar ta soso ce, wanke ta da kananzir, matse ta ba tare da murɗewa ba, bari ta bushe, sannan ka shafa mata ɗan baƙin mai ka sake matsewa har ta daina ɗiga. Maiƙon shi ke kama ƙura. Idan ta takarda ce ba a wanke ta, ba a sa mata mai, sauyawa ake yi. Ka kuma duba robar da ta haɗa akwatin da kafireta, domin tsagewa kaɗan a wurin ta isa ta mayar da duk wankin banza.

Mataki na huɗu: zaɓen salansa

Ko sabuwa za ka saya a shagon kayan babur, ko ta hannu za ka nemo a Kofar Ruwa, ko mai walda ne zai haɗa maka, abu huɗu za ka duba.

Na farko faɗin bututun da ke fitowa daga kan inji. Nan aka fi yin kuskure, don ana ganin in ya fi faɗi hayaƙi zai fi saurin fita. Ba haka abin yake ba. A ƙaramin inji, bututu mai faɗi yana sa hayaƙin ya yi sanyin gudu, ya kasa jawo na bayansa, sai babur ya mutu a ƙasa, ya farka sai an murɗe totur har ƙarshe. Wanda ke tsere a fili zai iya jure wannan. Kai da ke hawa gangaren kwalbati da buhu biyu ba za ka iya ba. Auna bakin tsohon bututun, ka nemi daidai da shi ko wanda ya ɗara shi da ɗan kaɗan ƙwarai. Tsawonsa ma kada a rage, gajeren bututu shi ma yana cin ƙarfin ƙasa.

Na biyu tsayinta daga ƙasa, kuma a ganina wannan ne babban dalilin da zai sa manomi ya sauya salansa. Dubi baburan da aka yi musamman don gona ko hanyar daji, kamar Yamaha AG da aka fara ƙera wa manoman Ostareliya, ko Honda XL: wutsiyar salansarsu a ɗage take, ba ta gugar kunya, ba ta nutsewa a ɗan ruwa. Ta Boxer kuwa a kwance take ƙasa-ƙasa, kowane dutse sai ya gaishe ta. Bututun da ya lotsa ya riga ya shaƙe injin ko da ba ka lura ba.

Na uku abin da ke cikinta. Leƙa ka gani. Salansar kirki tana da bututu mai huji-huji a tsakiya da audugar gilashi kewaye da shi, ko kuma ɗakuna da hayaƙi ke zagayawa. Wadda za ka hango haske ta ɗaya bakin babu komai a ciki, bututun famfo ce aka yi wa fenti. In da hali, a sa 'yar ragar ƙarfe kusa da bakin fita don tare tartsatsi. Wanda ya taɓa ganin wuta ta kama tarin bambaron shinkafa, ko gonar alkama da ta bushe a watan Maris, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Na huɗu marfin kare zafi. Salansa mai ɗagawa tana bi ne daidai inda ƙafar wanda ka goya take, inda gefen babbar riga ko zanen uwargida ke sauka, inda buhun leda ke jingina. Idan babu marfi, a yi mata, da ɗan tazara tsakaninsa da jikin salansar don iska ta ratsa.

Mataki na biyar: ɗaurawa

A yi aikin injin yana sanyi. Notinan nan biyu da ke riƙe bututu a kan inji sun sha zafi da tsatsa, saboda haka a ɗiga musu mai a bar su su jiƙa tukuna. In yaron shago ya kama sifana zai danna da ƙarfi, ka ce masa, “Yi a hankali, ɗan samari, in ya karye a ciki yau nan za mu wuni.” Cire tsohon gasket ɗin da ke cikin ramin, a sa sabo, domin wanda aka taɓa matsewa ba ya sake toshewa da kyau. Ɗaura komai sako-sako da farko, a daidaita zaman salansar, sannan a fara matse na kan inji, wannan kaɗan wancan kaɗan, a ƙare da na baya. A sa roba a maɗaurin baya, in ba haka ba girgizar burji za ta tsaga waldar.

Sai ka hau, wani ya hau bayanka, ku danna babur ya sauka iyakar saukarsa. Duba ko salansar tana taɓa taya, ko shokozoba, ko sandar birki, ko tiyon fetur. Tada inji ka kai tafin hannu kusa da mahaɗar, ba tare da ka taɓa ba. In ka ji iska na bugunka, yana yoyo. Bayan tafiyar farko, in ya huce, a sake bin notinan.

Mataki na shida: kafireta

Wannan ne matakin da ake tsallakewa, kuma shi ne mai kashe inji. Salansar da ta fi buɗewa tana sa inji ya ja iska fiye da da, fetur kuwa yana nan yadda yake, sai haɗin ya tsinke. Tsinkakken haɗi zafi gare shi. Ga shi kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mutane da yawa sun riga sun je an matse musu kafireta don lita ta yi nisa. Haɗa wannan da buɗaɗɗiyar salansa, da zafin Afrilu da ke haura digiri 40, da injin da iska kaɗai ke sanyaya shi alhali kana tafiyar hawainiya cikin laka: bawul zai ƙone, ko fistin ya kama.

Alamun tsinkewa su ne harbi ta salansa in ka saki totur, da shaƙewa in ka murɗa da sauri, da bututu ya yi shuɗi sosai daga sama, da silo da ke daɗewa bai sauko ba. Kafireta kashi uku take aiki: sukurun silo da ƙaramin jet suna kula da farkon totur, allura tana kula da tsakiya, babban jet yana kula da ƙarshe. Fara da ƙara babban jet lamba ɗaya tak. Idan tsakiyar ce ke da rami, a ɗaga allura gaɓa ɗaya, in irin mai gaɓoɓi ce. Kada ka bari a faɗaɗa ramin jet da waya ko tsinke, don ba a mayar da shi, kuma ba wanda ya san girman da ya koma.

Shaidar gaskiya tana jikin fulogi. Sa sabo ko wankakke, bari inji ya ɗumama, nemi miƙaƙƙiyar hanya marar jama'a, ka ja shi da cikakken totur na ɗan lokaci, sannan ka kama kuloci ka kashe makulli a lokaci guda, ka gangara ka tsaya. In ya ɗan huce, kwance fulogin. Ruwan ƙasa mai haske, daidai ke nan. Fari fat, fetur ya yi kaɗan, a ƙara. Baƙi busasshe mai toka, ya yi yawa, a rage. Baƙi mai maiƙo kuwa ba laifin kafireta ba ne, koma mataki na biyu. In za a kuskure, gara ya ɗan fi yawa da ya gaza. Saitin da aka yi da bazara a sake duba shi in sanyi ya shigo, domin iskar hunturu ta fi nauyi, tana ƙara tsinka haɗin.

Mataki na bakwai: siforoket

Da za a ce in zaɓi gyara ɗaya kawai a duk jerin nan, wannan zan ɗauka, ga shi kuma ya fi salansa araha. Ƙirga haƙoran faifan gaba da na baya. A ce na gaba 14 ne, na baya 42: kowane juyi uku na gaba, taya ta juya sau ɗaya. Ka mayar da na baya 45, ko na gaba 13, ƙarfin ja a taya ya ƙaru da wajen kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari a kowace giya, abin da salansa da wuya ta ba ka. Abin da ka biya shi ne gudun kan kwalta ya ragu da kusan haka, kuma in ka hau titin Zariya inji zai riƙa kuka fiye da da, ya ɗan ƙara shan mai. Ƙara na baya ya fi rage na gaba, don ƙaramin faifai yana saurin cin sarƙa, sai dai wataƙila a ƙara wa sarƙar gaɓa, a kuma duba ko murfinta zai rufu. Sauya sarƙa da faifan biyu tare. Bar mata sassauci kamar faɗin yatsa biyu, ka auna kana zaune a kai.

Mataki na takwas: taya da ƙafafu

Ƙarfin da taya ba ta iya kai shi ƙasa ba asara ne. Sa mai manyan ƙuraje, aƙalla a baya. Rage iska kaɗan in za ka shiga laka ko rairayi ba kaya, mayar da ita in za ka yi lodi, don taya mai laushi da nauyi tana cizon tub. Ɗaga madigadin gaba ya bar tazara, in ba haka ba laka za ta cushe tsakaninsa da taya ta kulle ta kana cikin tafiya. Shokozoba na baya in yana da matakai, a ɗaga shi zuwa mai tauri. Sa a yi maka faranti na ƙarfe a ƙarƙashin inji, a huda shi don kada ya tare iska ko ya tara taɓo. Takalman birki kuma a buɗe a wanke su duk bayan shiga ruwa mai laka.

Ɗagaggiyar salansa ba lasisin tsallaka kanal ba ce. Iyakar zurfin da babur zai shiga shi ne bakin akwatin iska. In ya mutu a cikin ruwa, kada ka taka kik. Tura shi waje, cire fulogi, taka kik ruwan ya feso ta ramin, zubar da abin da ke cikin kwanon kafireta, matse soson iska, sannan ka zaro ma'aunin baƙin mai. In ka ga ya koma fari-fari kamar an zuba madara, a juye shi kafin a tada injin.