Darasi: Koperatib mutum ce gaban shari'a

Manoman Tasawa da Mayahi, koperatib ba ta da hannu ko baki, amma shari'a tana lissafa ta kamar mutum. Dokar OHADA ta 2010 ta ce mutum 5 sun isa kafa ƙaramar koperatib. Daga ranar da aka rubuta ta cikin rajista, tana iya sayen taki da sunanta, ta ci bashi, ta kai ƙara, a kai ta ƙara.

Waken da ke mangaza nata ne. In shugaba ya rasu, ba a sa shi cikin gado.

To, in ta kasa biyan bashi fa? Kowane mamba zai ɗauki gwargwadon jarin da ya sa, amma takardar ƙa'idojinku tana iya kai shi har ninki 5. Ku karanta wannan wuri da kanku kafin ku sa hannu.