Darasi: Aikin Jami'ar Sa Ido a Kan Masu Ɗaurin Talala

 

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani aiki da yawancinmu ba mu san da shi ba, sai ranar da ƙaddara ta faɗa wa ɗa ko ƙane ko maigida. Aikin kuwa shi ne na jami'an da kotu ke ɗora wa sa ido a kan mai laifin da aka bari ya zauna cikin jama'a maimakon a kulle shi. Za mu ga ma'anarsa, da asalinsa, da abin da dokar Nijeriya ta ce, da matsayinsa a shari'a, sannan abin da ya rataya a wuyanki ke uwa ko matar gida.

MA'ANA

'Yar uwa, kin san yadda ake yi wa akuya talala: igiya doguwa, tana kiwonta tana shan iska, amma akwai iyakar da ba ta wucewa. To daga nan Bahaushe ya samo sunan. Abu biyu ne, kada ki haɗa su.

Na farko ɗaurin talala, wanda Turawa ke kira furobeshan. An kama mutum da laifi, alƙali ya tabbatar, amma ya ga laifin ƙarami ne, ko shi ne na farko, ko yaro ne. Sai ya sallame shi bisa sharuɗɗa, ya sa jami'i ya riƙa bibiyarsa. Wannan bai shiga gidan yari ba.

Na biyu sakin talala, wato farol. Shi wannan ya riga ya shiga, ya ci wani kaso na wa'adinsa, an ga halinsa ya gyaru, sai a sake shi ya ƙarasa sauran a gida bisa sharuɗɗa. Duk wanda ya karya sharaɗi a cikinsu, ana iya mai da shi gaban kotu, igiyar ta koma gajera.

ASALIN AIKIN

A birnin Boston na ƙasar Amurka, a shekarar 1841, wani mai ɗinkin takalma da ake kira John Augustus ya shiga kotu ya tarar za a ɗaure wani mashayi. Ya roƙi alƙali a ba shi mutumin, ya tsaya masa. Bayan mako uku ya dawo da shi ya natsu, alƙali ya ci shi 'yar tara ya sallame shi. Kafin rasuwarsa a 1859, ya tsaya wa mutane kusan 2,000, maza da mata da yara. A 1878 jihar Massachusetts ta mai da abin doka, Ingila ta bi baya da tata dokar a 1907. Kin ga ke nan ɗan kasuwa ne ya fara, ba lauya ba, ba ɗan sanda ba.

Daga baya Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙa'idojin Tokyo a 1990, masu kwaɗaitar da ƙasashe su rage dogaro da ɗauri, sai ƙa'idojin Bankok a 2010, waɗanda suka keɓanta da mata masu laifi, musamman masu ciki da masu goyo.

ABIN DA DOKAR NIJERIYA TA CE

A nan Arewa tun da daɗewa ma'aikatan ofishin jin daɗin jama'a ne ke wannan aiki a kan ƙananan yara. Amma dokoki biyu ne suka faɗaɗa shi. Ta farko dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda ke aiki a kotunan tarayya da Abuja, jihohi kuma suka yi nasu a kan tsarinta. Ta biyu dokar 2019 da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, wadda ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa Hukumar Gidajen Gyaran Hali, ta raba ta gida biyu: ɓangaren tsarewa da ɓangaren hukuncin da ba na tsarewa ba. A wannan ɓangare na biyu ne ɗaurin talala da sakin talala da hidimar al'umma da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka zalunta suke. A 2023 kuma aka gyara tsarin mulki, aka ba jihohi damar kafa nasu gidajen gyaran hali.

Ga wasu ƙa'idoji daga dokar 2015 da ya kamata ki riƙe:

1. Alƙali na duba shekarun mutum, da halinsa na baya, da lafiyarsa, da ƙanƙantar laifin, kafin ya yi masa talala. Wa'adinta ba ya wuce shekara 3.

2. Hidimar al'umma, kamar share titi da yashe kwata da yankan ciyawa, ba ta wuce wata 6, kuma ba ta wuce awa 5 a rana. Ba a yin ta ga wanda ya yi laifi da makami, ko laifin fyaɗe da makamantansa, ko laifin da hukuncinsa ya haura shekara 3.

3. Sakin talala na wanda aka yanke wa shekara 15 ko fiye ne, ko ɗaurin rai da rai, bayan ya ci aƙalla kashi ɗaya cikin uku, kuma shugaban hukumar ya ba da shaidar kyawun halinsa. Kotu ce ke da ta cewa.

4. Mai sa ido ya zama jinsi ɗaya da wanda ake sa wa ido. Mace ga mace, namiji ga namiji.

Me ya sa aka matsa a kan wannan? Saboda cunkoso. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a ma yanke musu hukunci ba. Yaron da ya ɗauki wayar hannu a haɗa shi ɗaki ɗaya da ɗan fashi, me kike zaton zai koyo? Ai zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

YADDA AIKIN YAKE

Mu ɗauki misali daga Babbar Kasuwa ta nan Katsina, don abin ya fi shiga. A ce wani saurayi ɗan shekara 19, yaron shago ne a layin 'yan atamfa. Ubangidansa ya lura turmi biyu sun yi ɓatan dabo, aka bincika aka same shi da hannu. Sulhun shugabannin layi bai yiwu ba, magana ta kai ga 'yan sanda, ta kai kotu, ya amsa laifinsa.

Aikin jami'i na farko bincike ne kafin hukunci. Zai je gidansu, ya zauna da iyaye, ya ji ta bakin mai unguwa da limamin masallaci da malaminsa. Ya taɓa yi? Shaye-shaye yake yi, ko bashi ne ya kai shi, ko abokai? Akwai wanda zai tsaya masa? Zai kuma je wurin mai kaya ya ji abin da yake so, domin shi ne aka zalunta. Sannan ya rubuta wa alƙali rahoto na gaskiya, ba ƙari ba ragi.

In alƙali ya yi masa talala, sai aiki na biyu ya fara. Za a gindaya sharuɗɗa: ya riƙa zuwa ofis a ranakun da aka sa, kada ya sauya gida ko ya bar gari ba da izini ba, ya rabu da majalisar da ta lalata shi, ya biya kuɗin atamfar ko da kaɗan-kaɗan ne. Jami'i zai riƙa leƙa shi gida da wurin sana'a.

Na uku shi ne mai wuya. Doka ta ce jami'i ya ba shi shawara, ya taimake shi, ya ja shi a jiki, in da hali ya nema masa abin yi. To a kasuwar da kowa ya ji labari, wa zai sake ba shi makullin shago? Nan ne jami'i zai bi tela ko mai gyaran waya ko mai walda yana roƙo a karɓi yaron koyon aiki, ya sa mutuncinsa a tsakani.

Na huɗu, in yaron ya karya sharaɗi, wajibi ne ya sanar da kotu. Nan ne ake gane mai amana. Jami'i hannu biyu gare shi, ɗaya na rarrashi ɗaya na riƙe igiya. In ya saki na farko ya zama ɗan sanda kawai, in ya saki na biyu ya cuci mutanen gari.

MATSAYINSA A SHARI'A

Wata za ta ce, Malama, wannan ba sassauci ba ne ga ɓarayi? A'a. Malamai sun raba hukunci zuwa haddi da ƙisasi da ta'aziri. Haddi, in ya tabbata da sharuɗɗansa ya isa gaban alƙali, babu ceto a cikinsa. Kin san ƙissar matar nan Bamakhzumiya da ta yi sata, Usama ɗan Zaidu (RA) ya nema mata ceto, Manzon Allah (SAW) ya yi fushi ya ƙi. Ƙisasi kuwa haƙƙin waɗanda aka zalunta ne, suna iya yafewa ko su karɓi diyya.

Ta'aziri shi ne mai faɗi, an bar shi ga ganin alƙali: gargaɗi, ko tara, ko bulala, ko tsarewa, gwargwadon abin da zai gyara mutum. Yawancin laifukan da ke kai yaranmu kotu a nan suke. A zamanin Annabi (SAW) babu wani gini da aka keɓe na kurkuku. Sumamatu ɗan Usal (RA) a ginshiƙin masallaci aka ɗaure shi kwana uku, yana ganin salla yana jin karatu, sannan aka sake shi ya je ya yi wanka ya dawo ya musulunta. Sai a zamanin Sayyidina Umar (RA) aka sayi gidan Safwanu ɗan Umayya a Makka a kan dirhami 4,000 aka mai da shi wurin tsarewa. Haka nan babin lamuni, wato mutum ya tsaya wa wani zai kawo shi in an neme shi, sananne ne a littattafan fiƙihun Malikiyya. Saboda haka manufar gyara da mayar da haƙƙi ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

ME YA SA MUKE BUKATAR MATA A CIKI?

Ki tuna ƙa'ida ta huɗu. In babu jami'a mace, ina makomar matar da faɗan kishi ko rikicin adashi ko bashin dillanci ya kai ta kotu? Sau da yawa sai a ga tsarewa ta fi sauƙi, ta tafi da goyo a baya, sauran yara su watse gidajen dangi. Kuma namiji ba ya shiga gidan matan aure, iyakarsa zaure. Mace ce za ta yi sallama ta shiga har ɗaki, ta ga abin da ake ɓoyewa, ta ji abin da ba a gaya wa namiji.

Mai sha'awa, ko mai 'yar da ke shirin shiga jami'a, fannonin da suka dace su ne ilimin zamantakewar ɗan Adam, da aikin jin daɗin jama'a, da ilimin halayyar ɗan Adam, da nazarin laifuka, da lauya. Ana karanta ilimin zamantakewa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Bayero ta Kano, nazarin laifuka kuma a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda matar aure ke iya yi daga ɗakinta. Ƙofar aiki biyu ce: Hukumar Gidajen Gyaran Hali, ko ofishin jin daɗin jama'a na jiha. In an buɗe ɗaukar aiki a intanet ake cikewa, kuma ba a sayen fom. Wanda ya ce ki ba shi kuɗi ya sama miki gurbi, ɗan damfara ne.

Amma ki shiga da saninki. Aiki ne na yawo cikin rana, ma'aikata kaɗan mutane da yawa. Za a kawo miki turare da atamfa don ki gyara rahoto, wannan rashawa ce ko da sunan kyauta ta zo. Za ki san asirin gidajen mutane, ba na hira a gidan biki ba ne. Wanda kika sha wahala a kansa yana iya komawa ruwa. Don haka sai da haƙuri, da riƙon amana, da shawara da yardar maigida tun farko, da kiyaye hijabi da iyakokin Allah.

IN JAMI'A TA YI SALLAMA A GIDANKI

Na farko, kada ki ɗauke ta abokiyar gaba. Zuwanta ne ya sa ɗanki ke kwana a gida.

Na biyu, ki faɗi gaskiya. Uwar da ta ce "yana ɗaki yana barci" alhali kwanansa biyu a waje, ita ke saƙa masa igiyar da za ta mai da shi kurkuku.

Na uku, ki riƙe takardar kotu, ki sa a karanta miki sharuɗɗan, ki san ranakun zuwa ofis kamar yadda kike riƙe ranar awo.

Na huɗu, ki tsaya a kan a biya mai haƙƙi. Sakin kotu ba ya sauke haƙƙin bawa a wurin Allah.

Na biyar, ki daina yi masa gori, ki kuma hana 'yan uwansa kiransa ɓarawo. Wanda aka rufe wa ƙofar gida, ta 'yan daba a buɗe take.

Mu kuma maƙwabta mu ji tsoron Allah da bakinmu. Wadda ɗanta ya faɗa wannan hali ta'aziyya take bukata, ba ƙus-ƙus a bakin famfo ba. Mai miji ɗan kasuwa ta sa baki ya karɓi irin waɗannan yara koyon sana'a, lada ne mai gudana. Rassan ƙungiyarmu kuma su sa ziyarar mata da ke tsare cikin ayyukansu, su nemi sanin jami'an da ke wannan aiki a yankinsu.

Tambayar da za ku tattauna a wurin ta'alim: mene ne bambancin ɗaurin talala da sakin talala, kuma wane irin hukunci ne babu ceto a cikinsa?

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya tsare mu da abin kunya duniya da lahira, Ya ba waɗanda ke tsare mafita ta alheri. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.