Ka Faɗa Musu Akwai Na'ura a Ƙirjinka

Mutumin Rawayya da aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya a Kano ko Abuja, in ya dawo gida, ƙaramin asibiti zai riƙa zuwa, inda ba a san tarihinsa ba. Kawaici halinmu ne, amma a gaban likita yana iya jawo illa. Kafin a taɓa ka, ce: "Likita, akwai na'urar zuciya a ƙirjina." Nuna katin da aka ba ka bayan dashen, mai ɗauke da sunan kamfani da samfurin na'urar. Ka bar wa uwargida ko babban ɗanka kwafi.

In an tura ka Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau ko asibitin Yariman Bakura aka ambaci hoton MRI, tambayi ko na'urarka na jure maganaɗisunsa. Haka in tiyata ce, domin wuƙar lantarkin da ake tsayar da jini da ita na iya rikita na'urar. Hoton ƙirji na yau da kullum ba ya cutar da ita.

Kumburi ya fi damuna. In wurin dashen ya yi ja, ya yi zafi, ko ya fara ruwa, kada ka yarda wanzami ya tsaga, kada kowa ya soka allura. Ƙwayoyin cuta kan bi wayar na'urar su kai zuciya. Ka dage a tura ka wajen likitan zuciya a ranar.

Wayar salula kuwa, nesanta ta da na'urar da santimita 15, kada ka sa ta a aljihun ƙirji.