Darasi Daga Tarihi: Tewodros na Farko, Sarkin Wata Tara

Karatu: Karin Magana 22:1, 2 Sarakuna 21:1-9

Ƙasar Habasha ta karɓi bangaskiyar Kirista tun ƙarni na 4, a zamanin Sarki Ezana na Aksum. A cikin jerin sarakunanta akwai wani wanda bai cika shekara guda a kan gadon sarauta ba, amma sunansa ya rayu fiye da na waɗanda suka daɗe.

Sarautarsa

Tewodros na Farko ɗan Sarki Dawit ne. Ya hau gadon mahaifinsa a 1413, aka yi masa laƙabi da Walda Anbasa, wato Ɗan Zaki. Bayan kamar wata tara, a 1414, ya rasu, ɗan'uwansa Yeshak ya gāje shi. Baturen nan James Bruce, wanda ya isa birnin Gondar a 1770, ya rubuta cewa Tewodros ya soke tsohuwar yarjejeniyar da ta ba Ikilisiya kashi ɗaya cikin uku na ƙasar. Duk da haka, ya tarar Habashawa suna ɗaukaka zamanin wannan sarki fiye da na sauran.

Sunan da aka ara

Da tafiya ta yi tafiya, sai wani annabci ya bazu cewa wani Tewodros zai zo ya kawo salama da adalci. Talakawan da yaƙe-yaƙen hakimai suka gajiyar suka riƙe wannan bege. A 1855 wani jarumi mai suna Kassa Hailu ya ci abokan hamayyarsa, ya naɗa kansa Tewodros na Biyu. Ya yi ƙoƙarin haɗa kan ƙasar, amma daga baya tsananinsa ya sa jama'a suka juya masa baya. A 1868, da sojojin Ingila suka kewaye shi a dutsen Magdala, ya kashe kansa. Ya ari suna, amma salamar da ake jira ba ta zo ta hannunsa ba.

Abin koyo

Ba tsawon kwana a kan kujera ake aunawa ba, abin da aka shuka a kanta ake dubawa. Manassa ya yi shekara 55 yana sarauta a Urushalima, amma Littafin Sarakuna da muguntarsa yake tunawa. A Nijeriya kuwa, Janar Murtala Muhammed bai cika wata bakwai yana mulki ba, daga Yuli 1975 zuwa 13 ga Fabrairu 1976, ga shi har yau ana ambatonsa. Wannan gargaɗi ne ga dattijon ikilisiya, da shugabar zumuntar mata, da dagaci, ko a Kauru ko a Kafanchan: wa'adi na iya ƙarewa ba sallama. Wanda ya ce sai ya zauna daram kafin ya yi adalci, wataƙila ba zai ga wannan rana ba. Haka kuma, gādon suna ba gādon hali ba ne.

Tambayoyi

1. Me ya sa jama'a suka yi ta jiran dawowar Tewodros?
2. Ina bambancin suna mai kyau da sunan aro?
3. Da shugaba zai san wata tara kaɗai ya rage masa, wane aiki ya kamata ya fara?