Darasi: Mai shiru da mai saurin magana

Ƴan uwa masu karatu, ku dubi ajinku na yaƙi da jahilci. Wani, kafin malam ya rufe baki, ya ɗaga hannu. Wani ko yana can baya, shiru. Sai a ce kansa ba ya ja, har ya ji kunya ya daina zuwa. Sau da yawa an zalunce shi.

Wani likita na ƙasar Suwis, Carl Jung, ya yi bincike kan halin mutane. A littafinsa na 1921 ya ce hankalin wani ya fi karkata waje, wurin jama'a, na wani ya fi komawa ciki. Na biyun sai ya juya magana a zuci kafin ya faɗe ta.

Ya kuma ƙidaya hanyoyi 4 da hankali ke aiki da su: gani da taɓawa, tunani, ji a zuciya, da hange.

Ga misali. An kawo sabon irin hatsi gari. Mai gani sai ya murza ƙwayar a hannu. Mai tunani ya yi lissafin kuɗi da damma. Mai ji a zuciya ya ce: "Irin kakanninmu fa, mu yar da shi?" Mai hange yana tuna shekarar da ruwa zai ɗauke da wuri.

Kowa yana da duka huɗun, ɗaya ce ta fi ƙarfi. Masu bincike na baya sun auna, sun ga yawancin mutane suna tsakanin shiru da surutu.

Tambaya: a ajinku, wa ba ku taɓa jin muryarsa ba? An taɓa jiran amsarsa?