Yadda Ake Zana Alamar AR da Kyamarar Waya Za Ta Gane

Fasahar AR ita ce wadda ke ɗora hoton kwamfuta a kan abin da kyamara ke gani. Ka haska takarda a kan tebur, sai zuciyar ɗan'adam ko injin ban-ruwa ya bayyana a kanta a fuskar wayar, kana zagayawa kana duba shi ta kowane gefe. Abin da ke gaya wa wayar inda za ta ajiye hoton shi ne alama, wato baƙin murabba'i mai zane a tsakiya. Hirokazu Kato na Japan ne ya fito da ARToolKit a 1999, kuma a kansa aka gina AR.js, wadda ke aiki a burauza ba sai an sauke manhaja ba.

Ɗalibin kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, ko a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura, ko malamin sakandare a Roni ko Gwiwa, kowa zai iya zana tasa. Ka tanadi kwamfuta mai Inkscape, wadda kyauta ce kuma ba ta neman intanet, da waya mai kyamara, da rula, gam, kwali da farar takardar A4. Ka riƙe abu ɗaya a ranka tun yanzu: kyamara kake yi wa zanen nan, ita kuwa ba ta ganin ado.

1. Shirya shafi. Buɗe Inkscape, danna Ctrl da Shift da D. Zaɓi A4, ka mai da ma'auni zuwa milimita. A sashen Grids, sa layukan awo masu tazarar milimita 5, ka kunna Snap don zane ya riƙa manne wa layi. Adana fayil ɗin nan take, kada wuta ta ɗauke ka koma farko.

2. Zana baƙin murabba'i. Ɗauki abin zana akwati, ka ja, sannan ka rubuta 160 a faɗi da 160 a tsawo. Kada ka yi awo da ido. Cika shi da baƙi wuluk, lambarsa 000000, ka cire layin da ke kewaye da shi, domin yana ƙara wa awon kauri.

3. Sa farin murabba'i mai milimita 80 a ciki. Zaɓi duka biyun, danna Ctrl da Shift da A, ka daidaita su a tsakiya tsaye da kwance. Yanzu baƙar ƙawanya ta zama milimita 40 ta kowane gefe, cikin kuma rabin faɗin alamar ke nan. Wannan rabon shi AR.js ke tsammani idan ba ka canza mata ba. A wajen ƙawanyar a bar fari fes. A kan A4 za ka samu milimita 25 hagu da dama, kuma sun isa. Da wannan farin ne kyamara ke gane inda baƙin ya ƙare.

4. Zaɓi zanen ciki, kuma a nan ka ɗan dakata. AR.js tana rage wannan fili zuwa ɗigo 16 a faɗi da 16 a tsawo kafin ta haddace shi. Kowane ɗigo daidai yake da gida ɗaya na layukan da ka sa a mataki na farko. Duk layin da bai kai milimita 5 kauri ba, to ɓacewa zai yi. Gara ka ba shi 10. Sannan dole zanen ya kasance yana da sama da ƙasa, yadda in aka juya shi zai canza kama. Da yawa daga cikinmu dagi ne zai fara zo mana a rai, saboda shi muka saba gani a bango da wuyan riga. Dagi kyakkyawa ne, amma ta ko'ina ka juya shi kamarsa ɗaya, don haka wayar za ta rasa gabansa, hoton ya yi ta tsalle yana juyawa. Haka tauraro da da'ira. Haruffan H, N, O, S da Z su ma in ka kifa su ba sa canzawa. K na Kazaure, R na Roni, G na Gwiwa da B na Babura duk suna yi. Ƙ da Ɗ namu masu lanƙwasa ma sun dace, muddin ƙugiyar ta yi kauri.

5. Zana shi. Rubuta harafin da rubutu mai kauri marar ƙawa, ka faɗaɗa shi ya kusa cika filin, ka bar gida ɗaya tsakaninsa da ƙawanya. Kada ya taɓa ta. Danna Ctrl da Shift da C don ya tashi daga rubutu ya koma zane. In ba haka ba, kwamfutar shagon buga takardu za ta iya musanya maka shi da wani salon. Baƙi da fari kawai, ban da inuwa, ban da launi. Idan alamomi da yawa kake yi, ka lura B da R suna kama da juna in an ƙanƙanta su, sai ka sa wa ɗaya babban ɗigo a kusurwa, ko ka mai da shi fari a kan baƙi.

6. Gwada kafin ka ci gaba. Zaɓi farin filin da zanensa, danna Ctrl da Shift da E, ka fitar da shi PNG mai ɗigo 16 da 16. Buɗe ka ƙara girmansa. Abin da kake gani shi AR.js ke gani. In kai ba ka gane shi ba, koma mataki na 5 ka ƙara kauri.

7. Fitar da na gaske. Filin ciki kaɗai, ban da ƙawanya, PNG mai ɗigo 512 da 512. Shafin da za ka kai shi a mataki na 8 yana sa tasa ƙawanyar, in ka haɗa da taka sai su zama biyu, kuma wannan kuskuren yana ɓata aiki.

8. Yanzu ne kake buƙatar intanet. Nemi shafin AR.js Marker Training, ɗora hoton, ka bar Pattern Ratio a 0.50, ka sauke fayil mai ƙarshen patt. Shi za ka ambata a lambobin shafin intanet da za ka gina da A-Frame, tare da hoton da kake so ya fito. Burauza ba ta buɗe kyamara sai adireshin ya fara da https, kuma GitHub Pages na ba da shi kyauta.

9. Buga. Koma Inkscape ka adana cikakkiyar alamar a PDF, domin zanen bekta, irin wanda Inkscape ke yi, ba ya dushewa komai girman da aka ba shi. Ka ce wa mai firinta ya buga a ainihin girmansa, ɗari bisa ɗari. Duba takardar kafin ka biya: in tawada ta yi rauni baƙin ya fito toka-toka ko da zane-zane, a sake. Auna da rula, faɗi da tsawo su zo daidai. Kada ka karɓi takarda mai sheƙi, kuma kada ka bari a lulluɓe ta da leda, don walƙiya tana makantar da kyamara.

10. Manna a kwali. Shafa gam kaɗan amma ko'ina, ka danne da littafi har ya bushe. Takarda mai lanƙwasa tana karkatar da hoto. Wajen yankewa kada almakashi ya ci farin gefen nan.

11. Gwada da waya. Goge kyamarar tukuna, musamman lokacin hunturu da ƙura ke kwanciya a kan komai. Tsaya a inuwa mai haske, kamar baranda ko kusa da taga, ba tsakar rana ba. Kusurwoyi huɗun nan duka su shiga kyamara, yatsa kuma kada ya hau ƙawanya. Juya kwalin a hankali, ka matsa, ka ja baya. In hoton na juyawa shi kaɗai, zanen ne ya yi kama ta ɓangarori biyu. In yana ɓacewa daga nesa, girma ne bai isa ba: don aji mai ɗalibai da yawa, buɗe fayil ɗin Inkscape, zaɓi komai, kulle rabon faɗi da tsawo, ka faɗaɗa shi zuwa A3. Fayil ɗin patt ɗin da ka sauke zai ci gaba da aiki, tunda rabon ƙawanyar bai canza ba.